Nauyin da Na Rage

A Sasebo aka ba ni teburi kusa da taga,
da fensir, da ma'auni, da umarni guda:
a rage mata nauyi.
Shekarata ashirin da huɗu.
Shugabanmu Kurahashi yana tari cikin hankici,
yana cewa: mai gudu muke so, ba mai ƙiba ba,
wadda za ta ja ƙananan jirage a baya
kamar kaza da 'yan tsaki.

Sai na zauna ina aske ƙarfe a kan takarda.
Nan na cire kaurin farce,
can na huda haƙarƙarinta kamar rariya,
bututun hayaƙi biyu na haɗe musu baki.
Duk ragin da na samu, sai a mai da shi igwa,
a mai da shi tofido,
dogaye, masu sanyi, kwance kamar kifi a faifai.
Bangon ɗakin tukunyar tururi ne ya hana ni barci.
Kwana tara ina lissafi,
a na goma na sa hannu.
Lissafin daidai yake. Har yau daidai yake.

Ranar da ta sauka ruwa aka ba ta sunan wani kogi.
Mitsue na tsaye cikin taro da tsohon ciki,
ta ce: siririya ce, kamar ba a ba ta abinci.
A watan aka haifi Shinsaku.
Tare suka girma, shi da jirgin,
ita tana shan fenti, shi yana sauya takalmi.

Da yaƙi ya zo, ban roƙi kowa ba,
ban kuma hana ba.
Takarda ce ta kai shi cikinta,
can ƙasa, inda ba a ganin rana,
yana ba wuta mai.

Wasiƙunsa na zuwa da ramuka,
almakashin hukuma ya rage musu nauyi su ma.
Daga abin da ya saura muka gane
da dare suke tafiya, ba fitila,
suna jefa gangunan shinkafa ɗaure da igiya
ga mayunwatan wani tsibiri,
su juyo kafin alfijir ya tona su.

Sau ɗaya ta dawo gyara.
Na sauka ƙarƙashinta a busasshen rami,
na shafa lotsin da bam ya bari.
An cire igwa ɗaya, an dasa bindigogin harbo jiragen sama,
nauyin da na kora ya dawo ta taga.
Shinsaku ya ci shinkafa kwano uku a gida,
bayan hannunsa duk tabon ƙuna.
Ya ce: Baba, gudu kam tana yi.
Amma in na jingina da bangon nan
ina jin teku na magana.
Na ce masa ya ƙara miya.

Tofido ɗaya, in ji wanda ya tsira,
daga jirgin da ba wanda ya gani.
Ban tambaye shi inda ya same ta ba.
Shi ma ya dubi hannuna, ya yi shiru.
Ruwa ba sa'an kwando ba ne,
ni kuwa na san wanda ya saƙa kwandon.

Farin akwati suka kawo.
Mitsue ta ɗaga shi, ta girgiza a hankali,
'yar takarda ce ke motsi a ciki.
Ta ce: har shi ma ba nauyi.

Yanzu kwale-kwalen masunta nake zanawa.
Suna ƙorafi, wai nawa sun cika kauri,
wai suna shan mai, ba sa sauri.
Nakan ce to, zan duba.
In sun fita,
sai in ƙara kaurin farce guda.